Tsohuwar motar soja ba ta cin birki in ta ɗau kaya: a sauya birkin ne ko a gyara shi?

Dan_Zuru_1017:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu manyan motoci. Shawara nake nema. Ina da Marsandi 1017 mai jan ƙafa huɗu, irin waɗanda sojan Jamus suka yi gwanjonsu, na saye ta 'yar Beljiyam. Inji lafiya ƙalau, giya lafiya, in ta shiga taɓo ba ta neman a tura ta. Masara da dawa nake ɗaukowa da ita daga Bena da Wasagu zuwa Zuru, wani lokaci har Jega. Birki ne ya hana ni barci. In ba kaya, ana taɓawa take tsayawa. Da an yi lodi kuwa, sai ka take feda iya ƙarfinka motar na ci gaba da silalewa, sai an yi nisa kafin ta tsaya. A gangara bayan 'yan mintoci ƙauri zai tashi, birkin ya ƙara sanyi. Direbana ya ce ba zai sake fita da ita ba sai an yi wani abu, kuma ban ga laifinsa ba. Wani bakanike ya ce a cire birkin mai gaba ɗaya a mayar da ita birkin iska zalla. Wani ya ce a ƙara wa kwampireso ƙarfi kawai. Don Allah wanda ya san motocin nan ya taimaka.

Usta_Jega:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kahin a ce komi, amsa mani ukku. Buhu nawa kaka ɗora mata? An ƙara mata sifirin a baya? Tayoyin da ta zo da su na bisanta ko an canza?

Dan_Zuru_1017:
Usta, buhu 100 zuwa 110 na masara. Sifirin an ƙara falle huɗu-huɗu a baya saboda tana zaunawa. Taya kuma na sa manya don yanayin hanyarmu.

Usta_Jega:
To Alhaji, kada ka kashe kuɗinka wurin canza birki tukuna. Shiga ƙarƙashin motar, ka duba bisan bakasul. Za ka ga wani bawul maƙale ga shasi, da ɗan dogon hannu na ƙarhe da anka ɗaure ga bakasul ɗin. Wanga bawul shi ka auna nauyin kaya. In anka yi lodi, sifirin ya kwanta, hannun ya motsa, sai ya buɗe ma tayoyin baya cikakken ƙarhin birki. In mota ba kaya, sai ya rage, don kada tayoyin baya su kulle ta juya da kai. Yanzu kai ka ƙara falle huɗu, sifirin ya yi tauri, ko an ɗora mata kaya ba ta kwantawa yadda masu ƙera ta sunka lissafa. Bawul ɗin shina ganin motar ba ta da kaya sosai, shina ba baya rabin birki, ga tan goma bisa kanta. Duk aikin ya koma ga tayoyin gaba, su ka yin zahi su yi ƙauri. Na ga wagga matsala ga motoci da yawa nan garejinmu, kuma kusan kullum bayan an ƙara sifirin ne.

Injiniya_BK:
Usta ya taɓo inda ciwon yake. Bari in ƙara lissafi a kai. Motar nan sojan Jamus sun yi odar ta ne a matsayin mai ɗaukar tan 5. Buhun masara kilo 100 ne, ke nan buhu 50 aka gina ta a kai. Alhaji yana ɗora 110, tan 11 ke nan. Mu ƙaddara ita kanta da bodinta tan 7 ce: birkin da aka yi don ya tsayar da tan 12 ana sa shi ya tsayar da tan 18. Birki ba wani abu yake yi ba illa ya mayar da gudun mota zafi a cikin duram, wato kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Nauyi ya ninka, zafin ya ninka. Gudu kuwa in ya ninka, zafin sau huɗu yake ninkawa, wato tsayawa daga kilomita 60 a awa ya ninka tsayawa daga 30 sau huɗu a wahalar birki. In duram ya yi zafi ƙwarai yana buɗewa, ya nisanci takalmin birki, shi ma lainin ya rage kamu. Wannan shi ne sanyin da direbanka ke ji a gangara.

Sai maganar taya. Birki yana riƙe tsakiyar taya ne, ƙasa kuma tana jan bakinta. In tayar ta ƙara tsawo da kashi 10 cikin 100, ƙarfin tsayawar da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka. Uku suka haɗu wa motar nan: lodi, sifirin, taya.

Bagudo_4x4:
Ni ban yarda duka laifin lodi ba ne. Wace mota ce a ƙasar nan ke ɗaukar abin da aka rubuta mata? Nayin-ilebin (Marsandi 911) nawa ke tashi daga Aliero da albasa har ta fi ƙarfin bodi, su isa Kudu su dawo? Birkin mai a babbar mota ya zama tsohon yayi, shi ke nan. Ni tawa na cire bakasul ɗinta na sa na motar da ke da birkin iska zalla, tun daga ranar ban sake sayen man birki ba. Alhaji, bi shawarar bakanikenka na farko.

Usta_Jega:
@Bagudo_4x4 ƙanena, taka gaba da baya ka canza ko baya kaɗai? Kuma har yanzu tana jan ƙafa huɗu?

Bagudo_4x4:
Baya kaɗai. Gaba na cire shaf ɗin, tana ja da baya.

Usta_Jega:
To ka gani. Mota mai jan ƙafa huɗu dole haƙoran giyar bakasul na gaba da na baya su zamo lissahi guda, in ba haka ba su ci juna su fasa akwatin da ka raba masu ƙarhi. Shi ya sa ka cire shaf. Kai hanyarka kwalta ce mahi yawa. Alhaji Wasagu yaka shiga da damina, in ya rasa jan gaba mi ya rage ma motar? Don shi ya saye ta.

Tsohon_Kofur:
Salamu alaikum. Na tuƙa irin waɗannan motoci shekaru da kaki a jikina kafin in yi ritaya, don haka bari in faɗi abin da na sani. Motar soja ba tafiya ke kashe ta ba, zama ne. Za ka ga mota ta haura shekara 30 amma kilomitocinta kaɗan, mai saye yana murna ya samu sabuwa. Inji sabo ne, gaskiya. Amma duk wata roba da ke jikinta ta tsufa. Kofunan roba na cikin masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi) da na cikin silindar kowace taya sun bushe, fistin ɗin sun yi tsatsa sun kafe, tiyon birki ya ruɓe ta ciki ko da wajensa na sheƙi. Tiyon da ya ruɓe yana kumbura in ka taka, ƙarfin da ya kamata ya je taya ya tsaya a cikinsa. Kuma man birkin da ke ciki wataƙila tun na Jamus ne.

Alhaji, ga gwaji mara kuɗi. A yi lodi daidai, a yi tafiya kaɗan a fili ana taka birki, a tsaya. Ka zagaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane duram, kusa na ce, kada ka taɓa. Wanda ka ji yana huci yana aiki. Wanda ka ji sanyi ƙalau, wannan tayar rakiya kawai take yi. Sau da yawa za ka tarar mota mai duram huɗu biyu ke tsayar da ita.

Hajiya_Mai_Albasa:
Ni ba bakanikiya ba ce, hayar motocin nan nake yi daga Aliero da Yauri, amma maganar ta shafe ni. Kuna ta cewa lodi, lodi. Mai mota a kan buhu yake karɓar kuɗi, gas ya yi tsadar da kowa ya sani, in ya ɗauki buhu 50 kuɗin mai ma ba zai fito ba sai dai ya ninka mana kuɗin buhu, mu kuma mu ninka wa mai saye. Kowa a matse yake. Abin da ni dai na daina yarda da shi shi ne a ɗora mutane a saman kayana. Na taɓa zuwa duba wata mota da birki ya ƙwace mata a gangara, buhunan da suka zube a kan yaran da ke sama suka zube. Takalmansu na gani a warwatse a gefen titi. Tun daga ranar, in direba zai ɗauki mutum a sama, ya sauke mini kayana.

Malam_Argungu:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da wannan tsayuwa. Ajali na hannun Allah, amma wanda ya san birkinsa ba ya ci ya fita da mota, akwai hakkin rai a wuyansa.

Dan_Zuru_1017:
Amin Malam. Abin da ya sa na ajiye ta ke nan. @Tsohon_Kofur Yallaɓai, zan yi gwajin duram ɗin. To maganar ƙara wa kwampireso ƙarfi fa? Ba wanda ya ce komai a kai.

Injiniya_BK:
Kada ka bari a taɓa shi. Tsarin motarka iska ce ke tura masta, masta ya tura mai zuwa taya. Iskar tana aiki ne a tsakanin bar 7 da 8 a kan geji, akwai bawul da ke yanke ta in ta kai. Masu ɗaure wannan bawul don allura ta haura suna wasa da tankin da ya shekara 40 yana tara ruwa a cikinsa. Tankin da tsatsa ta ci ta ciki in ya fashe ba ya sallama. Kuma ko bai fashe ba, ƙarin iskar ba zai saki fistin ɗin da ya kafe ba, sai dai ya fasa tsohon tiyo.

Abin dubawa shi ne ko iskar tana kaiwa inda ya kamata kuma tana zama. Tada mota ka bar geji ya cika har ka ji ta yi atishawa. Kashe inji, sa weji, taka birki ka riƙe minti ɗaya kana kallon allura. Bayan faɗuwar farko ya kamata ta tsaya cik. In tana ci gaba da sauka a idonka, akwai yoyo, a bi bututun da ruwan sabulu har a ga inda yake kumfa. In kuma geji yana daɗewa bai cika ba, a duba matatar iskar da kwampireso ke shaƙa, ƙurar hunturu tana toshe ta.

Karen_Mota_Yauri:
Oga ku yi haƙuri in sa baki, ni yaron mota ne. Maigidana kullum da yamma in mun faka sai ya sa ni na ja zoben da ke ƙasan kowane tankin iska. Da damina ruwan da ke fita har ya jiƙa ƙasa. Wata rana na ga yana fita baƙi-baƙi da mai, ya ce ringin kwampireso ne ya mutu yana tura baƙin mai cikin bututu, washegari aka sauke shi. Motoci da yawa a tasha na ga zoben nasu ya kafe da laka, alamar ba a taɓa ja ba.

Usta_Jega:
Allah shi yi ma albarka yaro, riƙe maigidan nan naka da kyau. Tankin da ruwa ya cika rabi, rabin iska ke gare shi. Taku biyu ukku ta ƙare.

Gwandu_Tifa:
Ni abin da nake yi a tifata, hannun bawul ɗin da Usta ke magana na ɗaure shi sama da waya, kullum yana ba da cikakken birki a baya. An huta.

Tsohon_Kofur:
@Gwandu_Tifa ɗan'uwa, ka je ka kwance wayar nan. Da yashi a bayanka lafiya lau. Ranar da ka juye kaya kana dawowa wayam, aka yi yayyafi a kan jar ƙasa ko kwalta, yaro ya gitta ka taka da ƙarfi, tayoyin baya za su kulle, gindin motar ya wuce kanta. Na ga mota ta juya ta fuskanci inda ta fito a kan haka.

Gwandu_Tifa:
Yallaɓai na ji, amma in ba kaya ai a hankali nake takawa.

Tsohon_Kofur:
Ranar da za ka buƙaci birki ba za ka tuna da a hankali ba.

Usta_Jega:
Gyaran bawul ɗin ba ɗaurewa ba ne, saiti ne. Marsandin Jamus yawanci suna zowa da ɗan faranti ga ƙohwar direba, an rubuta nauyin bakasul da ƙarhin da ya kamata ya hita daga bawul ɗin. Amma wanga lissahi na sifirin ɗinta na asali ne. In an ƙara falle, sai a sa geji kahin bawul da bayansa, a saita tsawon hannun da mota wayam, a sake dubawa da kaya, har ya zamo da kaya shina buɗewa duka. Aikin wuni guda ne ga wanda ya sani. Mahi sauƙi a cire fallen da anka ƙara, sai dai na san Alhaji ba ya so ya ji haka.

Dan_Kasuwa_Kamba:
Ku yi maganar man birki don Allah. Na taɓa sayen gwangwani a bakin hanya, fenti da rubutu komai daidai, ashe abin da ke ciki ba man birki ba ne. Cikin mako robobin masta suka kumbura suka yi laushi, sai da aka canza komai. Yanzu in ban ga hatimin bakin gwangwani a rufe ba, ba na saye.

Injiniya_BK:
Alhaji na Kamba, alama ce ta an gauraya shi da man inji ko man giya. Robar birki ba ta shiri da duk man da aka tace daga ɗanyen mai, ɗigo kaɗan ya isa ya kumbura ta. Haka masu zuba ruwan omo in mai ya ƙare a daji: ruwa a digiri 100 yake tafasa, ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa ba komai, ga tsatsa daga baya.

Shi ma man na gaskiya yana tsufa, domin yana shan danshin iska. Sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. In sun sha ruwa, ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Duram ɗin babbar mota a doguwar gangara yana wuce wannan zafin nesa ba kusa ba, kuma silinda a cikinsa take zaune. Don haka a zubar da tsohon mai duka, a sa DOT 4 sabo, a riƙa canzawa duk shekara biyu, mai shiga ruwa da fadama ma duk shekara. Wurin fitar da iska daga bututun mai a fara da tayar da ta fi nisa da masta, kuma tankin iska ya kasance cike.

Tsohon_Kofur:
Ƙari a kan na Injiniya, ga masu motocin sojan Amurka irin M35 mai taya goma. Su sojan Amurka DOT 5 suke zubawa, na silikon, launinsa shunayya, kuma ba ya gauraya da DOT 3 ko 4. Duba abin da ke ciki kafin ka ƙara. Sannan yawancin M35 layin mai guda ɗaya ne ke ciyar da duk tayoyin. Bututu ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya, sai na hannu. Marsandin Alhaji layi biyu gare ta, gaba daban baya daban, wannan rahama ce babba. In akwai motar da ta cancanci a sauya mata tsari, M35 ce, a mayar da ita layi biyu.

Bagudo_4x4:
To kun ga ai maganata ce ta dawo. Duk wannan dogon bayani na mai, tafasa, roba, jabu, birkin iska ba ruwansa da su. Kuma in iska ta ƙare, sifirin ɗin cikin tukunyar iskar da ke matse birki a taya ya kama motar da kansa.

Usta_Jega:
Gaskiya ne, ban ƙi ba. Birkin iska zalla ya hi ga mota mai nauyi, shi ya sa tireloli duka shi gare su. Amma shi ma in ba a ɗaure ajasta ba, sandar tukunya ta yi ta hita har ta ƙure ba ta matse takalmi ba. Tirela nawa munka gani geji cike, birki babu? Abin da nika tsoro shi ne aikin haɗe-haɗe: bawul ɗin feda na wata mota, tukunya na wata, tanki ƙarami, bututu an yi mashi walda. Ba wanda ya lissafa gaba nawa baya nawa. Wanda zai yi, ya ɗauko tsarin mota guda cikakke daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, kada ya tsinto ɗaiɗai. Kuma don Allah yara masu koyo, tukunyar baya mai sifirin ba a buɗe ta da guduma. Sifirin da ke ciki shina iya kashe mutum.

Hajiya_Mai_Albasa:
Usta, tambaya. Direbobi na tsayawa a ƙasan gangara yaran mota su watsa wa taya ruwa, tururi na tashi. Daidai ne?

Usta_Jega:
A'a Hajiya. Ƙarhen duram in ya yi ja anka watsa mashi ruwan sanyi, tsagewa yakai ko ya karkace. A faka a sa weji a bar shi ya huce da kainai.

Direba_Ribah:
A faka a ina, Usta? Ku da ke Jega kuna iya cewa a tsaya a huce. Mu da ke bin dajin Danko-Wasagu, akwai wuraren da ko tayarka ta fashe ba ka tsayawa sai ka kai gari. Gudun da Injiniya ke cewa a rage, wani wurin tsoro ke sa mu shi, ba ganganci ba. Shi ya sa birkin ke mutuwa da wuri, a guje ka zo rami ka taka, ka sake ta ka sake takawa.

Malam_Argungu:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya tsare ku a hanya.

Tsohon_Kofur:
Amin. @Direba_Ribah na fahimce ka sarai, kuma tunda ka kawo zancen, Alhaji wane fenti ke jikin motar? In har koren soja ne da ta zo da shi, a canza kafin ta sake fita. Doka ta hana farar hula amfani da launin soja a mota, wannan ɗaya. Na biyu, a dajin nan wanda ya hango ta daga nesa ba zai tsaya tambayar ko masara ce a ciki ba.

Dan_Zuru_1017:
An yi mata shuɗi tun a Legas, Yallaɓai.

Baba_Na_Koko:
Ku bari tsoho ya ce wani abu. Na fara tuƙi tun ana bin hagu, kahin a koma dama a 1972. Bedford da nayin-ilebin munka tuƙa, birkinsu bai kai na yanzu ba, amma mun san abu guda: giyar da ka hau tudu da ita, da ita kaka sauka. Ka zaɓe ta tun kana bisa, kahin mota ta ɗau gudu, don in ta ɗauka giya ba ta shiga. Marsandin nan tana da birkin salansa, wani maɓalli ne ƙasa wajen ƙahwar hagu, ka taka shi da dunduniya ya toshe hayaƙi inji ya riƙe mota. Yaran yanzu da yawa ba su san aikinsa ba, wasu ma an cire. Alhaji, duba ko naka na aiki. In shina aiki, rabin gangara ba ka taɓa feda.

Sannan masu sa mota firi don su rage shan gas. Inji na zaune shiru, kwampireso bai cika tanki, kai kuma kana ta latsa feda kana saki, kowane saki iska ce ka zubar. Kan ka kai ƙasa ba iska, ba giya. In za ka taka, taka sosai gudu ya ragu, ka saki duram ya sha iska, ka bar inji ya yi sauran. Kuma ka sa ido ga allurar inji kada ta wuce jan layi.

Injiniya_BK:
Baba ya gama magana a kan tuƙi. Injin OM352 da ke cikin motar nan iyakarsa wajen zagaye 2800 a minti, a gangara nauyin kaya na iya tura shi ya wuce, nan ne ake taɓa feda a dawo da shi.

Dan_Zuru_1017:
Jama'a na dawo da labari. Mun yi gwajin Yallaɓai da buhu 60. Duram biyu na gaba zafi ƙwarai, na baya dama ɗumi-ɗumi, na baya hagu sanyi. Muka cire tayar muka zare duram ɗin. Cikinsa baƙi ƙirin, man giya ya biyo ta oyil-sil ya jiƙe lainin sharkaf, ƙura ta kama ya zama kamar kwalta, in ka sa ɗan yatsa sai ya fito da danƙo. Fistin ɗaya na silindar kuma ko da guduma bai motsa ba. Birkin salansa ma sandarsa a cire take, Baba. Bakanike ya ce a wanke lainin da fetur a gasa shi a wuta a mayar.

Usta_Jega:
Kada ka yarda Alhaji. Lainin da ya sha mai ya sha ke nan, ko ka gasa, ranar da ya yi zahi man ya sake tsattsahowa. Sabo za a buga, kuma hagu da dama tare, iri guda, in ba haka ba mota ta riƙa hizga gehe. A canza oyil-sil, a duba boris ko shi ya saki ya kashe sil ɗin, a busa ɗan bututun numfashi na bisan bakasul, don in ya toshe shi ka tura mai waje. Duram in ya yi zurhin layi a gyara huskarsa ga inji, amma akwai iyakar faɗin da anka rubuta ga jikinsa, in an wuce ya zama na yarwa. Ribit ɗin lainin su nutse sosai. Kuma ka hana yara busa ƙurar duram da iskar kwampireso, lainin tsohuwar mota na iya zama na asbesto, ƙurarsa ka lalata huhu. A jiƙa tsumma a goge.

Bagudo_4x4:
Ko an gyara duk wannan, in ya koma buhu 110 za mu sake jin sa a nan.

Injiniya_BK:
Nan kam ni da kai mun haɗu. Ko da birkin iskar naka ne, faɗin duram da lainin bai ƙaru ba, kuma su ke shanye zafin.

Hajiya_Mai_Albasa:
To ku gaya mana buhu nawa ne ba zalunci ga mai mota ba kuma ba kasada. In duk masu mota suka tsaya a kan adadi ɗaya, mu 'yan kasuwa dole mu bi. Matsalar in Alhaji ya ce 70, na gefensa a tasha zai ce kawo 120.

Direba_Ribah:
Wannan sai ƙungiya ta sa baki a wurin lodi, Hajiya. Direba shi kaɗai in ya ƙi, gobe wani ke riƙe da makullin.

Dan_Zuru_1017:
Na sa a kwance sauran tayoyin ukun ma mu ga abin da ke ciki, kuma tiyo duka za a canza. Sifirin ɗin ne ban yanke shawara ba tukuna. Usta, in na bar falle biyu na cire biyu, bawul ɗin zai saitu? Kuma silindar baya ta 1017, gara in nemi sabuwa a Kano ko a gyara wannan a sa mata sababbin robobi?

Usta_Jega:
Zai saitu in an sa geji. Silinda kuwa sai ka hidda fistin ka ga cikinta. In santsi take, roba ta isa. In tsatsa ta yi mata ramu, kada ka ɓata robarka. Turo hoton cikinta mu gani.